Makunnin Bakin Ƙofa

Tun daga kan matattakala Wendell ya fara baza hanci. Ledar burodi a hannun hagu, makulli a dama, yana hawa yana jiran ƙamshi ya taro shi, yadda yake taron kowa a gidan da aka bar tukunyar lantarki tana aiki tun safe. Shiru kake ji. Ban da warin sabulu daga shagon wankin da ke ƙasa, babu abin da hancinsa ya ɗauko. Ya ce wa ransa ai ƙofar ce mai kauri. Ya buɗe, ya shiga, ya ja numfashi har ƙirjinsa ya cika, amma babu ƙamshin komai.

Falon ya ɗau zafi kamar gidan burodi, irin zafin Agusta da ke sa masarar jihar Iowa tsayi. Tukunyar tana nan kan tebur inda ya bar ta, murfin gilashinta a bushe ƙayau, ko ɗigon tururi babu. 'Yar jar fitilar da ke gabanta a mace. Ya ɗora tafin hannu a jikinta, ya ji ɗumin ɗaki kawai.

"A'a," ya ce. "Haba, ba yau ba."

Yau ce ranar da Madam Novotny, matar da kotu ta naɗa, za ta kawo masa 'yarsa Tessa su ci abincin yamma. Za ta ga gidan, ta ga uban, sannan ta gaya wa alƙali ko yarinyar za ta riƙa kwana wurinsa ranar Laraba da ƙarshen mako, ko kuwa a ci gaba da haɗa su a waje kamar baƙi. Shekarar Tessa goma sha ɗaya, kuma an ce za a ji ta bakinta. Tun da ya rabu da uwarta Marlene, yarinyar ta koma ba ta ba shi komai sai "e" da "a'a". Ga kuma maganar da Marlene ta yi a gaban alƙali, wadda har yau take ci masa rai: "Wendell ba mugu ba ne. Amma in ya ɓata abu, rufewa yake yi ya yi maka murmushi."

Shi ya sa ya zaɓi sloppy joe, wato miyar niƙaƙƙen nama da ake zubawa a tsakiyar burodi. A garin nan ko wanda bai iya dafa ruwa ba ya iya shi, kuma shi ne abin da Tessa ke so tun ba ta iya riƙe burodi da kanta ba. Jiya ya aika mata saƙo cewa shi zai yi, ta amsa, "Da gaske?" Ya fi sau goma yana duba wannan saƙo a garejin taraktocin da yake aiki. Da asuba ya soya niƙaƙƙen naman sa da albasa da koren tattasai, ya tsiyaye man, ya juye a tukunya, ya zuba miyar tumatir ta kwalba da jan sukari da ɗan ruwan khal, ya murɗa ta a ƙaramar wuta. Da idonsa ya ga jar fitilar ta kama. To me ya faru?

Ya bi wayar tukunyar da ido har zuwa soket ɗin da ke kusa da ƙofa, don na kicin firij ya riga ya cinye. Ya kai hannu ya ɗaga makunnin bakin ƙofa. Doguwar fitilar falo ta kama. Jar fitilar tukunyar ma ta kama, ta zuba masa ido.

Tirƙashi! Irin gidajen nan ne da ba su da ƙwan wuta a silin, makunnin bakin ƙofa shi ke riƙe da soket. Da zai fita da safe, hannunsa ne ya kashe wuta ba tare da ya shawarce shi ba. Tarbiyyar tsohonsu ce, wanda ya raine su da tsawar "Wa ya bar mini wuta a kunne?" Tsoho ya daɗe a kabari, amma ga shi yau ya kashe wa jikarsa tukunya.

Ya kira ƙanensa Lyle a waya.

"Lyle, na shiga uku."

"Me kuma ka fasa?"

Ya zayyana masa. Lyle ya bushe da dariya, har da tari.

"Ka soya naman da safe ko?"

"Na soya."

"To ina abin tashin hankali? Juye a kasko, ba shi wuta ya tafasa. Mu da muka ci naman da ya wuni a bayan mota a gonar Kawu Vern, ga mu nan da ranmu."

"Kai ai a banɗaki ka ƙarasa makon."

"Amma na mutu? Ka ji, Yaya. Matar nan ƙamshi za ta ji, ta ga yarinya na lasar yatsa, shi ke nan ka ci. In ta same ka da tukunya mai sanyi kana kame-kame, Marlene ta yi gaskiya ke nan, ba ka iya ciyar da ko kyanwa ba."

"In na ruga kanti na sayo wani naman fa?"

"Su zo su tarar da ƙofa a kulle? Kai dai ba ka da wayo. Kunna wuta, malam."

Wendell ya ajiye waya. Ya ɗaga murfi ya sunsuna. Babu wari, babu kumfa, naman ya yi jajir abinsa kamar bai san komai ba. Amma Wendell ya sani. Duk shekara in lokacin cin abincin coci a fili ya zo, sai an yi ta maimaitawa a rediyo: naman da ya wuni a zafi, akwai dafin da yake tarawa wanda tafasa ba ta kashewa. Wani ya ci ya tashi lafiya, wani ya kwana a asibiti. Ya tsaya da kasko a hannu. Sai ya ji ƙarar rufe ƙofar mota a ƙasa. Bai san lokacin da ya juye naman ya kunna wuta ba.

Kafin su gama tsaye-tsayensu a ƙasa su hawo matattakala, gida ya gauraye da ƙamshi. Ya wanke tukunyar sama-sama, ya goge fuska, ya buɗe ƙofa da murmushi.

Madam Novotny gajeriyar dattijuwa ce mai tabarau a rataye da sarƙa, ba ta da yawan magana. Tessa na bayanta, jakar ƙwallonta a kafaɗa, ta tsuke baki. Amma tana shigowa hancinta ya motsa.

"Kai, Baba! Ashe ka yi."

"Na ce miki zan yi."

"Sannu, Mista Haugen," in ji Madam. "Ƙamshin nan har matattakala. Bari in ɗan zagaya, ku ci gaba."

Ta leƙa firij, ta danna ƙararrawar gobara da ke bango ta ji ta yi ƙara, ta shiga ɗan ɗakin da ya shirya wa Tessa ta shafa zanen gado. Shi kuwa yana tsaye gaban kasko yana juyawa. Tessa ta zo ta tsaya kusa da shi, kusa sosai, har kafaɗarta na taɓa hannunsa. Rabon da ta yi haka tun suna gida ɗaya.

"Ka sa jan sukari?"

"Na sa."

"Mama ba ta sawa. Nata tsami yake yi." Ta rage murya. "Kar ka gaya mata na faɗa."

Ya gyaɗa mata kai. Ya gasa burodin, ya jera faranti uku, ya zazzage soyayyen dankali na leda a kwano. A ransa yana ta lissafin banza: ya tafasa sosai, Lyle bai mutu ba, yarinya ce mai ƙarfi, ƙila ma babu komai. Ƙila. Ya ɗebo ludayi guda ya zuba a kan burodin Tessa, miyar ta gangaro gefe. Ya zuba wa Madam rabi, don ta ce ɗanɗanawa kawai za ta yi.

Tessa ta soke tsumman goge baki a wuyan rigarta, ta baza gwiwar hannu a kan tebur, ta sunkuyo da kai saman faranti don kada ya ɗiga mata a cinya. Shi ya koya mata wannan zaman tun tana kan doguwar kujerar yara. Ta kama burodin da hannu biyu, ta ɗaga, ta buɗe baki.

Caraf ya riƙe mata wuyan hannu.

"Kar ki ci."

Burodin ya suɓuce ya faɗi a faranti, miya ta fantsama a rigarta. Madam Novotny ta ajiye cokali mai yatsu a hankali.

"Baba, mene ne haka? Sake ni!"

Ya sake ta. Ya janye faranti biyun zuwa gabansa, ya kasa kallon kowa.

"Tukunyar ba ta yi aiki ba yau. Na jona ta a soket ɗin can, da zan fita na kashe makunni, ban san shi ke riƙe da ita ba. Naman nan a zafin ɗaki ya wuni. Da na ji motarku, na juye a kasko na ɗumama."

Tessa ta dubi farantin, ta dubi uban, idonta ya ciko.

"Ka sani tun kafin mu zo?"

"Na sani."

"Kuma ka zuba mini?"

"Na zuba miki."

Da ta yi ihu da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ba, ta cire tsumman daga wuyanta ta ninke shi ta ajiye. Kunya ta kama Wendell har ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

"Mista Haugen," in ji Madam, "ka san da ka yi shiru ba yadda za a yi in gane?"

"Na sani, Madam."

"Kuma ka san dole in faɗi abin da na gani, duka, har da zubawar?"

"Ki faɗa. Haka aka yi."

Fuskarta ba ta nuna masa komai ba. Ya kwashe naman duka, na faranti da na kasko, ya juye a kwandon shara ya ɗaure bakin leda. Ƙamshin bai tafi ba, ya tsaya a ɗakin yana yi masa gwalo.

"In sayo miki fizar nan mai cuku ta shagon gidan mai?" ya tambayi Tessa.

"Ita muke ci duk ranar da aka haɗa mu. Ba na so."

Ya buɗe kabad. Akwai kwalbar markaɗaɗɗiyar gyaɗa da ayaba biyu. Ya shafa a sauran burodin, ya yayyanka ayaba a kai, suka zauna su uku suna ci kamar masu zaman makoki. Madam ta yi masa tambayoyi kan lokacin tashinsa daga aiki da wanda zai kai Tessa makaranta, ya amsa, amma shi kansa bai ji abin da yake faɗa ba. Tessa ta cinye nata ba tare da ta ɗago ba. Sau ɗaya ya ga ta juya tana kallon makunnin bakin ƙofa, ta daɗe tana kallo.

Da lokacin tafiya ya yi, Madam ta rataya jaka.

"Ba ni da ikon gaya maka komai yanzu. Zan yi magana da Tessa a mota, sauran kuma na alƙali ne. Mun gode da abinci."

"Na gode, Madam. Sai da safe, 'yar Baba."

Tessa ta saɓa jakarta. Ta wuce shi har bakin ƙofa, sai ta ja ta tsaya, ta sauke jakar ƙwallonta ƙasa tana lalube. Wendell ya ɗauka wani abu ta manta. Ta fito da filastar da take naɗe yatsun ƙafa da ita in takalmi ya ci ta, ta yago da haƙori, ta tabbatar makunnin yana sama, ta manna a kai. Ta ƙara wata a gicciye, ta danne da babban yatsa.

"Kar ka cire," ta ce, ba ta dube shi ba. "Kuma ranar Laraba ka ƙara albasa. Na gani, ka yi rowa."

Madam Novotny ta ɗaga tabarau ta sa, ta dubi filastar, ta dubi yarinyar, ta cire tabarau ta fara sauka. Tessa ta bi ta, jaka na dukan bayanta.

Wendell ya tsaya a bakin ƙofa har ƙarar motar ta ɓace. Wayarsa ta yi ta ruri a kan tebur, Lyle ne, bai ɗauka ba. Ya ɗauki ledar shara zai kai ƙasa. Da ya zo fita, hannunsa ya tafi bango da kansa kamar kullum, ya ci karo da filasta, ya dawo. Ya ja ƙofa ya bar wutar a kunne.