Mai Jinyar Gadon Kusa

Mahaifiyata ta zo wurina da niyyar ta ɗan kwana biyu ta koma, ni kuma na tarbe ta a filin jirgi da niyyar ba za ta koma ba. Kowaccenmu ta san abin da ke ran 'yar uwarta, amma muka rungume juna kamar ba komai.

Zuciyarta ce matsalar. Haka kawai sai ta ruɗe ta riƙa bugawa da sauri, har jiri ya ɗebe ta. Likita ya ce abin yana buƙatar a sa ido. A gida kuwa ido akwai shi har ya yi yawa, na'ura ce babu. Shi ya sa nake so ta zauna tare da ni, kuma ba na ɓoyewa, tsoro nake ji kada wata rana a kira ni a waya a fara da sallama mai tsawo.

Ni nas ce a sashen gaggawa na wani babban asibiti a ƙasar da nake zaune. Ita ma aikin da ta yi ke nan a gida tun kafin a haife ni har ta yi ritaya, kuma har yau in ta shiga kasuwa Sista ake ce mata. To a haɗa nas biyu a ɗakin girki ɗaya, ai ba a rasa gardama.

"Mama, a nan in mutum ya faɗi, kafin ki gama salati motar asibiti ta iso."

"Mu ma ana kawo su. A kan babur ne dai, amma ana kawowa."

"Safar hannu fa, ga ta nan kwali-kwali a bango, ki zara ki yar."

"Almubazzaranci."

"Wuta ba ta ɗaukewa."

"To ku da ba ku taɓa neman jijiya da tocila a baki ba, wane labari za ku ba jikokinku?"

In na ce mata marasa lafiya huɗu ko biyar nake dubawa, alhali ita da abokiyar aikinta su biyu suke riƙe ɗaki guda cike da mutane har ƙasa, sai ta ce shi ya sa muka yi ƙiba. In na yi kuskure na yi ƙorafin cewa rabin ranata a gaban kwamfuta take ƙarewa, sai ta yi ta dariya ta ce ashe akawu ta haifa. Amma ta san gaskiya sarai. Daga bakinta na ji labarin ranar da tukunyar iskar numfashi ɗaya ta rage musu, masu buƙata kuma biyu. Duk da haka, da zarar na ce ta zauna, sai ta tashi ta hau wanke kwanon da yake a wanke.

Wata rana na manta abincina a gida, ta biyo ni da shi da azahar. A bakin ƙofar sashenmu abin ya taso mata. Kafin in cire safar hannu in fito, abokan aikina sun riga sun ɗora ta a gado, sun manna mata wayoyi a ƙirji.

Na miƙa hannu zan kama nata in nemi jijiya, sai shugabarmu ta dafa kafaɗata. Doguwar mata ce mai kirki, amma ba ta wasa da doka, kuma dokar wurin ita ce nas ba ta duba ɗan uwanta. Da na fassara wa Mama, ta ɗago kai duk da halin da take ciki.

"Wace irin doka ce wannan? In haifi nas, in raine ta, ranar da zan ci moriyarta a ce min haramun?"

Aka ba ta magani ta jijiya, zuciyar ta lafa, aka ce ta kwanta a ci gaba da kallonta. Na koma bakin aikina, ido ɗaya a kan marasa lafiyata, ɗaya a kan allon teburinmu, inda bugun zuciyar kowane gado yake tafiya a layi.

A gadon kusa da ita, bayan labule, akwai wata tsohuwa da ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, tana jiran a shiga da ita tiyata. Tana ta kuka a hankali, irin na wanda ba ya son ya dami kowa. Da na zo wucewa Mama ta yafito ni.

"Ina mai jinyar wannan?"

Tambayar farko ke nan da kowace nas take yi a gida. A can ba a kwantar da mutum shi kaɗai. Dole akwai wani nasa da zai shimfiɗa tabarma a gefen gado, ya sayo magani, ya ba shi abinci, ya kai shi bayi, ya je ya tsaya a kan nas har sai ta zo.

"Ba ta da shi, Mama. A nan mu ne masu jinyar. In tana son wani abu, ga maɓalli nan ta danna."

"Maɓalli," ta ce, ta juyar da kai.

Ina riƙe da hannun wani mutum ana yi masa ɗinki sai na ji ƙararrawa. Na ɗaga kai na dubi allon. Layin gadon Mama ya ɓace. Na san sarai cewa yawanci waya ce kawai take fita, ni nake gaya wa dangin marasa lafiya haka kullum. Amma ƙafafuna ba su saurare ni ba. Na ruga, shugabarmu da likita suna bayana da keken kayan ceto, na fizge labulen.

Gadon babu kowa. An ninke bargo tsaf, wayoyin kuma an naɗe su an ajiye a kan matashi.

Tana can a kujera a gefen tsohuwar, ta riƙe hannunta, tana share mata goshi da bakin mayafinta. "Sannu, baiwar Allah. Sannu kin ji. Yanzu za su zo." Tsohuwar ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, amma ta daina kuka, tana ta ba Mama labari da yarensu. Mama kuwa tana cewa "ayya" daidai inda ya kamata.

Raina ya ɓaci ƙwarai. "Mama! Kin san abin da kika yi kuwa?"

"Igiyoyinku ne gajeru. Kuma ban tsinka ko ɗaya ba, je ki duba."

Na juya in ba shugabarmu haƙuri, sai na tarar ta toshe baki tana dariya. Ita da kanta ta zuge labulen tsakani, muka matso da gadon Mama kusa, aka mayar mata da wayoyinta. Haka ta kwanta da hannu ɗaya a miƙe ta cikin ƙarfen gado har aka zo aka tafi da tsohuwar.

Da wurin ya yi shiru na zo gyara mata matashi. Ta kama tsintsiyar hannuna.

"Bara da aka yi miki aiki a ciki, kin ce min kina da masu kula da ke. Su waye?"

"Abokan aikina, Mama. Suna da kirki, kin gan su ai. Suna leƙo ni."

"Leƙowa." Ta dubi kujerar da ke gefen gadon. "Wa ya zauna a nan?"

Ta daɗe tana kallona, irin kallon da take min ina ƙarama in zazzaɓi ya kama ni. Ni da nake kwana da fargabar ta faɗi a inda babu na'ura, ban taɓa kawowa a raina cewa ita ma za ta iya jin tsoro saboda ni ba.

Ta saki hannuna ta gyara kwanciya.

"In an sallame ni ki kai ni kasuwa, ki saya min takalmi mai rufe ƙafa. An ce sanyin garin nan ba ya jin magana."

"Mama, ai sanyi da saura. Sai bayan kin koma gida zai..."

"Na sani," ta ce. "Kuma kar in ji kin gaya wa kowa wai na'urarku ce ta burge ni."