Farfelar Motar Sanit

Lamduan na cin shinkafa da soyayyen kifi a bakin garejinta da ke hanyar Chanthaburi, sai ga motar ja ta shigo tana janye da akori-kurar ƙanenta Sanit. Akori-kurar ta mahaifinsu ce. Da aka raba gado ita ta samu gareji, shi ya samu mota, tun daga nan ba sa ga maciji. Gyara kaɗai ke kawo shi, don duk yankin babu mai hannunta. Shi ne ya kai motar wani wuri aka rage mata sifirin, aka durƙusar da ita har cikinta na neman lasar kwalta, irin yayin samarin garin.

Ya diro yana huci, ya jefa wani guntun ƙarfe gaban kwanonta.

"Ga aikinki nan, Yaya. Kuros na biyu ke nan cikin wata uku. Jabu kike sa min saboda baƙin cikin motar ta zo hannuna."

Ta ɗauki ƙarfen ta juya. Kuros ɗin farfela ne, gaɓar dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya. Ya ƙone ya yi baƙi, kunne ɗaya ya ɓalle.

"Jabun yana cikin kanka," in ji ta. "Sau biyu ina ce maka ka bar min ita kwana ɗaya, kana cewa 'ya'yan itacen durian da ka ɗauko za su ruɓe. Ka gurgunta mota, ka loda mata kaya kamar jaki, ka zo kana min haushi."

"Ke dai kin gaji sifanar Baba, ba ki gaji iliminsa ba."

Mai motar ja, yana kwance sarƙa, ya sa baki. "Ai an auna arziki. Farfelar ta faɗi ta caki kwalta, mota ta yi tsalle. Tsohuwar ce kawai ta bugu a goshi."

Lamduan ta ajiye cokali. "Wace tsohuwar?"

Sanit ya kau da kai. "Mama ce. Abincin sadaka za ta kai haikali, wurin ibada. Ba wani abu ba ne, na sa an mayar da ita gida."

Lamduan ta miƙe. Ta ɗaga motar da jak, ta kafa mata ƙafafun ƙarfe, sannan ta damƙi wuyan rigarsa.

"Shiga."

"Rigata sabuwa ce."

"Shiga, ko in shigar da kai."

Suka kwanta a ƙasan motar, kafaɗa da kafaɗa, kowa na jin warin gumin ɗan'uwansa. Ta nuna masa yadda bakin aksul ɗin baya ya kalli wani wuri, bakin giya ya kalli wani.

"Da motar na tsaye, farfela a miƙe take. Da ka durƙusar da ita, gaɓar ta karkace kamar an murɗe maka gwiwar hannu. Ko na zinari na sa, sai ta cinye shi. Bari in mayar da ita tsayinta."

"Kar ki taɓa min tsayi. Motata ce."

"To riƙe nan, mai mota."

Awa huɗu yana riƙe mata ƙarfe, giris na ɗiga masa a fuska. Ta cusa ƙarafa masu siffar bakin gatari tsakanin sifirin da aksul har kusurwar ta daidaita, ta gyara zaman boris ɗin tsakiya, ta sa sabon kuros, ta auna, ta kwance, ta sake aunawa. Da ta gwada motar a titi, karkarwar da ta saba yi ta ɓace.

Ta jefa masa makulli a ƙasa. "Ta gyaru. Amma in na sake ganin Mama a cikinta, da wuta zan yanka motar gida biyu."

"Ki yanka mana," ya ce, ya tofar da yawu, ya ja motarsa.

Ta rufe gareji, ta hau babur zuwa gida. Ta tarar da mahaifiyarsu zaune da ƙulu kamar ƙwai a goshi. Tun kafin ta cire takalmi tsohuwar ta riga ta magana.

"Kar ki yi wa yaron nan faɗa. Ba gudu yake yi ba."

Lamduan ta cije leɓe, ta buɗe kwalbar man zafi, ta fara shafa mata. Haushi ya sa tana dannawa da ƙarfi, har tsohuwar ta ce ta yi a hankali.