Ƙarfen Baba Ɗanliti

"Ba haka ake shahwa mashi mai ba, Audi. Daga gindi za ka hwara."

Malam Audi ya koma gindin ƙarfen da tsumman man gyaɗa. Maƙwabcinsa Baba Ɗanliti na kwance a tabarma bakin ɗaki, numfashi da kyar, amma idonsa na kan aikin sai ka ce heluma a kan leburori.

Ƙarfen ya fi mutum tsawo, kauri kamar damtsen ƙato, a ɗore kan gwafa biyu a tsakar gida. Duk Tafoki babu wanda bai ji tarihinsa har ya ƙoshi ba. Da ƙuruciya Baba Ɗanliti ya yi aikin reluwe a wata tasha inda layin dogo ya ƙare. Can akwai wata gadar ƙarfe cikin zagayayyen rami. In kan jirgi ya hau ta, ƙarti su dafa wannan ƙarfen su tura, gadar ta juya, jirgi ya fuskanci inda ya fito. Da aka kawo manyan injuna aka farfasa tsohuwar gadar, sai aka bar masa hannunta. Jirgi ya sauke shi Funtuwa, raƙumi ya ƙarasa da shi gida. Wasu da keke suka dawo daga reluwe, shi kuwa da wannan.

Maƙera sun roƙa, masu ginin rijiya sun roƙa, ya hana. Gari ya yanke masa hukuncin rowa, wasu ma suka ce taɓin hankali ne.

"Dubi inda ya yi santsin nan," in ji tsohon. "Hannuwanmu ne sunka cinye shi. Dut sun tahi, ni ɗai na rage. In na bi su, kada ka bari a kai shi maƙera."

"Na ɗauka, Baba."

Da hantsin Laraba Baba Ɗanliti ya cika, ana tsakiyar bazara. Kafin a gama ɗinkin likkafani sai ga Hadi, ɗan ƙanensa, ya dawo daga maƙabarta jiƙe da gumi.

"Ƙasar ta ƙi. Marmara ce. Galma ta karye, dagin gari ya lanƙwashe."

Babu wanda ya ambaci ƙarfen. Idanu dai suka tafi kansa gaba ɗaya.

"Na yi mashi alkawari," in ji Malam Audi.

"Malam Audi," in ji Liman a hankali, "zahin nan ba ya jiran kowa. Gawa ta hi ƙarhe haƙƙi."

Malam Audi ya juya wajen zana, ko matar mamacin za ta tsaya masa. Muryar Zulaihatu ta fito a bushe: "Ku ɗauka. Man da ya sha a gidan nan, ni ban gan shi a miya ba."

Shi ke nan. Wa zai tsaya gaban jama'a ya ce a bar mamaci a rana saboda guntun jirgi? Malam Audi ne ya yi wa Baba Ɗanliti wanka, kuma yana zuba ruwa yana jin dukan masaba daga maƙera, ana fafe gindin ƙarfen don a yi masa baki irin na dagi.

Ƙarfen kuwa bai ba su kunya ba, ya ci marmarar nan kamar gurasa. Masu gina suna ta yabo. "Kai! Ashe abin arziki tsohon nan ya danne mamu!" Bayan an rufe, Liman ya ce a bar shi a maƙabarta ya zama dagin kowa, ladan ya riƙa isa ga mai shi. Jama'a suka ɗauki amin da ƙarfi. Ta Malam Audi ba ta fito ba.

Bayan ruwan farko ya tafi maƙabarta da tsummansa a aljihu. Ya tarar da ƙarfen yashe cikin sabuwar ciyawa, tsatsa ta fara ci, inda hannuwa suka cinye ne kawai ke ɗan ƙyalli. Ya tsuguna ya nemi gindin da zai fara. Nan ne aka fafe. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sa farce ya fara kankare jar laka.