Muryar Cikin Tankin Ruwa

Duk wanda ya kalli fim ɗin da aka ɗauka a gonarmu ya san ba fuska ce ke tayar masa da tsikar jiki ba, murya ce. Matar manomi ita kaɗai a gida, miji yana can wajen tumaki, sai ta riƙa jin wata tana rera waƙa ta hanci a cikin bango. Ta gaya wa miji, ya ce kaɗaici ne. Likita ya ba ta ƙwaya. Kai mai kallo ka rasa ko matar ce ta taɓu, ko gidan ne. To muryar nan tawa ce, ni Valmai. Amma duba sunayen da ke hawa a ƙarshe, na ƙanwata Glenys za ka gani.

Ina budurwa lokacin. Kafin ruwa ya sauko kowane gida kan wanke tankin kwanon da ke tare ruwan rufi, ni ce siririya, ni ake zurawa ciki. Ina kankare laka ina waƙata, mai ɗaukar sautin fim ɗin ya ji, ya zuro na'urarsa ya ce in ci gaba. Ko sunana bai tambaya ba. Glenys kuwa, don tana da dara-daran idanu, aka shafe ta da hoda aka tsayar a taga a ƙarshen fim.

Ƙarshen nan shi ne aibin fim ɗin, har a jarida an sha faɗa. An wahala ana gina tsoro da abin da ba a gani, sai a ɗauko yarinya kamar an tsamo ta daga buhun fulawa a ce ga fatalwa. Tsakiyar ma tana jan ƙafa, matar ta yi ta wanke kwanuka. Ban da muryata, wa zai zauna?

Yanzu mun tsufa, fim ya yi suna. Duk shekara ana nuna shi a ɗakin taron gari ranar Asabar da rana, mutanen birnin Adelaide su cika motoci su zo. Dokar kwamitin shirya taron ita ce mai suna a fim ya zauna kan dandamali, sauran mata kowacce ta kawo farantin kek ta tsaya wajen tukunyar shayi. Ina zuba wa baƙi madara, Glenys tana can tana sa hannu a kan hotonta.

Bana na tare Merv Dunstan, shugaban kwamiti, a shagonsa na abincin dabbobi. Na ce a faɗi sunana a ba ni kujera. Ya yi ta sosa ƙeya, wai rashin sanin mai muryar shi ke jawo baƙi, wasu ma cewa suke iska ce aka ɗauka. Na ce iskar tana gabansa da takalman roba, kuma in bai yi ba, ni da matan coci ko ɓarɓashin kek ba za mu kawo ba. Ya sauko.

Glenys ta zo har gida. “Yaya Val, baƙi ba su san ki ba, amma garin nan ko tari kika yi sun san naki ne. Ki bar shi yadda yake.”

“Tsoro kike a raba tafi biyu,” na ce mata.

Ranar nuna fim, Merv ya kira sunana, aka tafa, na hau na zauna kusa da ita. Aka ja labule, fim ya fara. Da muryar ta taso, wurin da kullum ɗakin ke yin tsit, sai Col Pritchard, tsohon mai askin tumaki, ya ɗaga murya daga baya.

“Val, fito daga bangon nan ki ɗora mana shayi.”

Ɗaki ya ɗauki dariya. Daga nan duk inda muryata ta fito sai 'yan gari su bi ni da waƙar ta hanci, baƙin ma suka shiga. Matar manomin tana kuka a jikin bango, su suna riƙe ciki. Suna cikin wannan shashanci fuskar Glenys ta bayyana a taga, ba wanda ya shirya mata. Wata baƙuwa ta ƙwala ihu, ta ɓarar da shayinta. Fuskar da tun da aka yi fim ba ta taɓa razana ko kaza ba.

Da aka tashi, layin masu neman sa hannu gaban Glenys yake. Ni mutum ɗaya ya zo, ya tambaye ni ko akwai sauran kek.

Merv ya ce ai na sami abin da na nema, kujerata tana nan baɗi. Suna na nema, ban nemi a mai da ni abin dariya ba. Ranar Talata kwamiti zai zauna, zan je. A ware wa 'yan gari nasu kallon daban, a bar baƙi su ji tsorona cikin natsuwa. Col kuma a ba shi tukunyar shayin ya tsare.