Maganin Mairamu a Jikin Maza

Abatcha mai ƙaro ne ya sace wa matarsa sauƙinta, da rana tsaka, a ƙofar gidansa da ke Gure, yana dariya ana yi masa godiya.

Matar, Mairamu, shekara biyu ke nan ciwo yana cin ƙashin ƙugunta. Lokotoro, wato likita, a Damagaram ya ce abin ya wuce yanka, sai dai a rage mata azaba. Ya rubuta takarda, ɗansu Mamadu da ke Faransa ya nemo maganin ya aiko, a damanar 98. Abu ne fale-fale kamar filasta, guda goma. A liƙa ɗaya a kafaɗa, bayan kwana uku a ɓare a sa sabo. Lokotoron ya ja kunne: nata ne ita kaɗai, mai lafiya ya sa yana iya mutuwa. To amma maganin tare ya zo da agogo da turare, kuma duk abin da ya shigo gida akwatin maigida yake shiga.

Da aka liƙa na farko Mairamu ta tashi zaune, ta sha fura, har ta nemi a yi mata kitso. Yayarta Yabawa, wadda ta baro Kelle don jinya, ta koma bayan ɗaki ta yi kukan murna.

Kwana shida ta samu. Daga nan ihun ya dawo, har maƙwabta suka daina aiko yara gidan. Abatcha kuwa shi yake canza maganin da hannunsa, wai shi ne mijinta, kowa ya fita.

Ranar wata Laraba Yabawa tana goge mata jiki ta ga kiyashi sun yi layi a kafaɗar. Ta taɓa bakin abin, danƙo. Ta sansana. Ƙaro ne. Tsohon filastan ne Abatcha yake shafa wa ƙaro ya mayar. Ba ta gama wanke hannu ba sai ga matar Ɗan Talata mahauci tana neman tsamiya, wai mijinta kwana biyu yana amai yana barci kamar gawa, tun da Abatcha ya liƙa masa tsarabar Faransa a gadon baya.

Yabawa ba ta tsaya neman takalmi ba. Bayan la'asar ne, dattawa suna kan tabarma a ƙofar gida ana zuba shayi.

"Abatcha, ina maganin ƙanwata?"

"Haba Yaya, a gaban mutane? Shiga ciki, ina zuwa."

"A gabansu ka raba, a gabansu za ka faɗa. Wa da wa ka ba?"

Ɗan Kasuwa direba ya yi dariya. "Iya, ni dai guda ɗaya na samu, gwiwata ta yi lau. Allah ya yi wa Mamadu albarka."

"Rufe mini baki, mai gwiwa! Kana jin ta ta katanga kana shan shayi."

Abatcha ya aje kofi, ya gyara hula. "Ɗana ya aiko kaya daga Turai, unguwa duka ta sani. In zauna da mutane shekara talatin in hana su? Me za a ce da ni? Ita kuwa, Yaya, mu faɗi gaskiya, lokotoro ya gama magana. Ko an sa ko ba a sa ba, tafiya za ta yi."

Daga cikin gida muryar Mairamu ta fito, a dishe, tana kiran uwarsu da ta rasu tun tuni.

"Saura nawa?" in ji Yabawa.

"Babu."

Amma da ya faɗa sai hannunsa ya tafi kafaɗarsa. Yabawa ta cafki wuyan rigarsa ta finciko. Ga shi nan, sabo fil, a manne a fatarsa mai lafiya.

"Bayana ne, tun da na ɗaga buhu..."

Ta ɓare shi har da gashi, ta riƙe da bakin zane. Ko da sauran ƙarfi a ciki, ba ta sani ba. Wani kuma kafin ya iso daga Faransa sai an yi wata biyu.

"Tashi," ta ce. "Ku ma duk wanda ya karɓa ya tashi. Ku shiga ku tsaya a kanta, ku dubi idonta. Kai Abatcha ka gaya mata da bakinka inda ka kai maganinta. Daga nan mu je gaban mai unguwa ka maimaita. Tashi na ce!"