Ƙananan Ƙwayoyin Alƙasum

Mutum uku ne a wannan labari: Alƙasum, manomin alkama a fadamar kusa da Kalfu, da ɗansa Isufu, da maƙwabciyarsu Azumi mai taliya. Abin ya faru shekara uku bayan samun mulkin kai.

Da hantsi aka kira Azumi. Ta tarar da tsohon kwance a rumfa, an tokara masa kai, ga ƙoƙo biyu na alkama a gabansa. Ɗaya sabon iri ne da Isufu ya karɓo wurin malamin gona a Tawa, ƙwayoyinsa manya, farare. Ɗayan kuwa na Alƙasum ne, ƙanana, jajaye, waɗanda ya shekara talatin yana zaɓen zangarniyarsu da hannu. Saura kwana goma a yi shuka, garkar kuma ɗaya ce.

Alƙasum ba ya yarda da iri sai ya tauna shi, amma yanzu muƙamuƙinsa ya gaza.

"Azumi, ara mini haƙoranki," in ji shi. "Ai gulma ba ta cinye su duka ba."

"Kai dai Baba, ko ciwo bai hana ka ba."

Ta tauna manyan, suka narke kamar kunu. Ta kurkure baki, ta tauna ƙananan har ta gaji, sannan ta zaro danƙo, ta ja shi tsakanin yatsu, bai tsinke ba.

"Baba, sabon irin nan ya fi cika buhu," in ji Isufu a hankali. "Bakuna tara ke gidan ga."

Azumi ta san gaskiya ya faɗa. Ta kuma san taliyar manyan ƙwayoyi tsinkewa take yi tun a kan igiya.

"Ban hana ka ba," in ji tsohon. "Fangali biyu kaɗai nika roƙo cikin garkar, don irina. Kada ka gauraya su. In ya ɓace, babu inda za ka samo shi."

Isufu ya sunkuyar da kai.

Ran Alhamis Alƙasum ya cika. Allah ya jiƙansa.

Bayan sadakar bakwai, Azumi ta bi ta fadama za ta ɗebo ruwa. Ta hangi Isufu durƙushe bakin rijiya, ya keɓe wa ƙananan ƙwayoyin fangali huɗu da karan dawa, yana buɗe musu hanyar ruwa da tafin hannunsa.