Agwagwar Kaka

Mai gyaran rediyo ya tsuguna gaban kejin agwagi, ya cika kumatu da iska, ya saki wani sauti da ya sa kajin da ke gefe suka hau kan juna.

"Malam, saye za ka yi ko gaisawa kuke?" in ji mai sayar da tsuntsayen.

"Koyo nake."

"To, juya wajen waccan. Wanda ka tasa a gaba namiji ne, ba ya kuka. Huci kawai ya iya, kamar wasu masu gidan."

Bai yi dariya ba. Dama dariya ba ta cikin kayan aikinsa. Ya tsufa a rumfarsa ta bakin kasuwa, kunnensa na iya bambance lasifikar da ta yage da wadda waya ce kawai ta saki, amma ko 'ya'yan cikinsa ba za su rantse sun taɓa ganin turamen haƙoransa ba. Wasa da yara aikin matarsa ne, Allah ya jiƙanta. Ita ce mai kukan agwagwa. Da shi ta yi wa 'ya'yansu wanka, da shi ta ɗura musu magani, da shi kuma ta saye zuciyar jikarsu. Shi kuwa daga cikin ɗaki yake ɗaga murya: "Ku rage mana shirme, ana aiki!"

Tun rasuwar kakarta yarinyar ba ta yarda da shi ba. Da ya yi sallama sai ta shige bayan zanen uwarta. Yau da la'asar kuma Auta, 'yarsa, za ta tafi da ita can garin da aka mayar da mijinta aiki, tafiyar da ba a sa mata ranar dawowa ba. Abu ɗaya yake so: yarinyar ta yi dariya saboda shi ko sau ɗaya ne, kada ta tafi da shi a ranta a matsayin tsohon nan mai ɗaure fuska.

Shi ya sa ya rufe rumfa tun hantsi, ya zo ya kasa kunne kamar yadda yake yi wa rediyon da ta ƙi magana. Ya gano cewa kukan ba daga leɓe yake fitowa ba, daga can ƙasan maƙogwaro ne. Na farko dogo ne mai ƙarfi, na bayansa kuma suna bi suna raguwa. Ya gwada, ya ƙware, ya yi tari har da hawaye, ya sake. 'Yan kallo suka taru, wata mai sayen ƙwai ta ce Allah ya ba shi lafiya. Bai ko ɗago ba.

Bayan azahar ya yi wani, sai agwagwar ta miƙe wuya ta amsa masa.

"Wallahi ko uwar da ta ƙyanƙyashe ta ba za ta gane ba!" in ji mai tsuntsayen, yana tafa hannu.

Daɗi ya kama shi, irin wanda yake ji idan matacciyar rediyo ta yi tari ta kama tasha.

A tasha ya iske motar da za su shiga ta kusa cika, ana ta ɗaure kaya a sama. Auta na zaune jikin taga da yarinyar a cinyarta.

"Baba, rumfar ka rufe? Ai mun yi sallama da safe."

"Ba wajenki na zo ba."

Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya gyara zaman hularsa. Sannan ya saki kukan, tsaf, babu inda ya kauce. Mai tallar ruwa ta waiwaya tana neman agwagwa, kwandasta har da leƙa ƙarƙashin mota.

Yarinyar ba ta ɓuya ba, amma ba ta yi dariya ba. Ta ƙura masa ido, ta turo baki.

"Wannan agwagwar kasuwa ce. Ba ta Kaka ba ce."

"Yaya ta Kakan take yi?"

Yana tambayar yana laluben kansa. Shi da ke riƙe da muryar rediyon da ya gyara tun yana saurayi, ya nemi wannan sautin guda ɗaya ya rasa. Abin da kawai ya samu a wurin shi ne tasa muryar, tana cewa a rage shirme.

Sai Auta ta toshe hanci da yatsu biyu, ta karkace wuya, ta kaɗa gwiwar hannu, ta fitar da wani abu tsakanin ƙarar tsohon ƙyaure da kukan akuya mai mura. Babu agwagwar da Allah ya halitta mai irin wannan kukan. Yarinyar ta faɗa jikin uwarta tana ƙyalƙyala dariya har da shure-shure. Ita ma Auta ta yi dariya, sannan ta sa bakin mayafi ta share ido.

"Ai Mama ba ta taɓa iyawa ba, Baba. Abin dariyar ke nan." Ta yi ƙasa da murya. "Kullum in ta gama sai ta kalli ƙofar ɗakinka, ko za ka leƙo."

Da ya sani, da ya ajiye sukurdireba ya fito ko na minti ɗaya ne.

"Sake yi in ji," ya ce. "A hankali."

Ta ɗaga hannu za ta toshe hanci, daidai lokacin direba ya tayar da inji ya danna hon. Ya ga bakinta yana motsi, ya ga yarinyar na dariya, amma bai ji komai ba. Motar ta ja, ta bar shi cikin hayaƙi.

Ya daɗe a tsaye. Da wurin ya lafa, sai ya toshe hanci da yatsu biyu, ya karkace wuya kamar yadda ya ga Auta ta yi, ya gwada.

Kukan agwagwa ne ya fito, na gaske, tsaf, babu kuskure ko ɗaya.